Abin da ma'aikatan jinya na Maradi suka ce kan raɗaɗin yara masu ciwon daji

Ma'aikatan jinyar da suka tattauna sun fi daɗewa kan tsoron morfin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Da yawa sun fito makaranta sun san sunanta, ba su taɓa auna ta da nauyin yaro ba. Iyaye kuma, ganin yadda tramol ya lalata samari, suna jin an ce magani mai ƙarfi sai gabansu ya faɗi. Shawara ita ce a koyar da lissafin kilo tun a aji, a maimaita a gefen gado: parasetamol in ciwon bai tsananta ba, morfin ta baki in ya tsananta, bisa umarnin likita. A ba da morfin kan lokaci, kowane awa 4, kada a jira sai yaro ya yi kururuwa. A haɗa da maganin taurin bayan gida tun ranar farko, domin morfin tana kawo shi. Kodin kuwa ba na yaran da ba su kai shekara 12 ba ne.

Na fi yarda da masu cewa shirun yaro ba sauƙi ba ne. Muna koya wa 'ya'yanmu dauriya, sai yaro ya kwanta lamo, ya daina wasa, ya ƙi abinci. A duba fuskarsa da yadda yake naɗe ƙafafu, a tambayi uwa, ita ta san shi.

An kuma nemi a koya wa ɗalibai yadda za su gaya wa uba gaskiya da Hausa, a zaune, musamman in iyalin ba su da halin kai yaron cibiyar ciwon daji ta Yamai, sai jinya a gida.