"Kamar waina a tanda": zagi ne ko kuwa?

Ɗan Kurmi: Jama'a, jiya an yi cacar baki a gidanmu kan rabon gona. Yaya ya dubi ƙaninmu ya ce matarsa na juya shi kamar waina a tanda. Shi kuma ya ce ai wainar da ba a juya ba ƙonewa take yi. Har yanzu maganar na ci na a rai. Wa ke da gaskiya?

Malam Na Zaure: Gori ne aka yi masa. Waina ba ta da ta cewa, iko na hannun mai tuya.

Baƙon Ingila: Turawa ma daga juyin nan suka raɗa wa irin tasu suna. Flapjack suke cewa, flap ɗin kuwa shi ne a cilla abu a kifa shi a kasko. Kalmar ta haura shekara 400, tana cikin wasan kwaikwayon Pericles na marubucin Ingila Shakespeare da aka buga a 1609, inda wani masunci ke yi wa baƙon da ruwa ya jefo alkawarin zai ci ta a gidansa. A Amurka har gobe fanke ne. Amma nan in ka nemi flapjack, dunƙulen hatsi da man shanu da sukari za a miƙo maka, gasasshe, ko sau ɗaya ba a juya shi ba.

Yaya Asabe: To ai fanke ɗin ma pancake ne bakinmu ya lanƙwasa.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan kakata. Shekaru ta yi tana tuya a ƙofar gida, tandarta ta ƙasa, ta yi baƙi ƙirin don mai. Kafin assalatu ƙullun ya tashi, 'yan makarantar allo sun yi layi da kwanoni. Ran nan ta ba ni cokalin, ina 'yar shekara tara. Ina ganin kumfa na juya, ƙullu ya tarwatse a ramin. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce in jira gefen ya yi ja, sai wainar ta saki tanda da kanta. Ni dai tun ranar ban yarda mai tuya ke da iko ba.

Malam Na Zaure: Allah ya gafarta mata. Amma Hajiya, cokalin dai yana hannunta.

Garba Mai Shayi: Ku bar batun gida. Akwai wanda ya juya jam'iyya sau uku a mazaɓarmu, kuma har yau ɗanye ne.

Yaya Asabe: Wannan ai tandarsa ba mai!

Ɗan Kurmi: Don Allah ku dawo kan tambayata.

Baƙon Ingila: Maman Ilham, da miyar taushe take sayarwa ko da ƙuli? Rabona da waina shekara biyu ke nan.

Maman Ilham: Taushe, ranar Juma'a kuma da zuma.