Fuskar kwamfutata ta yi mini kaɗan, ina neman shawara

Mai tambaya, ɗaliba daga unguwar Zariya a Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ina cikin rubutun kundin kammala karatu. Yayana ya sayo mini wata ƙaramar kwamfuta ta hannu, mai inci 11.6, da Windows 10 a cikinta. Na gode masa ƙwarai, don ba ta da nauyi, ina saka ta cikin jakar littattafai in hau kabu-kabu ba tare da wahala ba. Damuwata ita ce in na buɗe intanet, abin da nake son karantawa tsiri ɗaya ne kawai a tsakiya. Sama layin shafuka, ƙarƙashinsa wurin adireshi, ƙarƙashinsa kuma wani layi, can ƙasa ga layin Windows. Shekaranjiya ina cike wata takarda, wani akwati ya fito, maɓallin da zan danna in tura ya nutse ƙasa, na yi ta ja bai fito ba har lokaci ya ƙure mini. Wallahi sai da na yi hawaye. Ba ni da halin sayen wata. Akwai dabarar da za a rage waɗannan layukan? Firefox nake amfani da shi, Chrome ma yana ciki.

Wani mai gyaran kwamfuta kusa da Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki damu, irinta nake gani kullum. Yawancin masu wannan girman, fuskarsu ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsawo. Kin ga faɗi akwai shi, tsawon ne ya gaza, kuma duk layukan da kika lissafa tsawon suke ci. Kafin ki taɓa burauza, wato Firefox ko Chrome ɗin da kike buɗe intanet da shi, fara duba Windows ɗin kansa. Shiga Paramètres, Système, Affichage, ki nemi Mise à l'échelle, wato girman da komai ke fitowa a fuskar. In kin tarar da 125%, to nan ɓarawon yake, domin 768 ɗin nan ya koma kamar 614 ke nan. Mayar da shi 100%. Sau da yawa akwatin da maɓallinsa ke nutsewa, wannan kaɗai ke warkar da shi.

Sai burauza. Layi na uku da kika ce, na adana adireshi ne. Danna Ctrl da Shift da B tare, zai ɓace, in kin sake dannawa ya dawo. A Firefox da Chrome da Edge duk haka yake. In kuma karatu kawai za ki yi, danna F11, shafin ya cika fuskar baki ɗaya. In ya ƙi, haɗa da Fn, don a ƙananan kwamfutoci maɓallan saman nan sukan yi aiki biyu.

Wata malamar makaranta:
F11 ɗin nan ni ma da shi nake aiki. Kina ciki ma kina iya sauya shafi da Ctrl da Tab.

Wani ma'aikacin kamfanin aika kuɗi:
Ina da gyara kan F11. Don karatu ba laifi. Amma duk lokacin da za ki rubuta kalmar sirri, ko ki biya kuɗin rajista, ki fita daga ciki ki ga adireshin da idonki. Masu damfara suna ƙera shafi sak irin na gaskiya, adireshin ne kawai ke tona musu asiri, kuma shi F11 ke ɓoyewa. A Firefox in kin kai kibiya can sama, layin yana saukowa da kansa, ki duba sannan ki ci gaba. Na ga waɗanda suka yi asara a kan abin da bai kai wannan ba, shi ya sa nake nanatawa.

Wani ɗalibin sashen kwamfuta:
Yaya, tunda Firefox gare ki, akwai abu biyu da suka fi F11 a wurina, don su dindindin ne.

Na farko, Firefox yana da tsarin da ke matse layukan sama. Da a fili yake, sai a 2021, da fitowar Firefox 89, suka ɓoye shi. Rubuta about:config a wurin adireshi, ki amince da gargaɗin, ki nemi browser.compactmode.show, ki mayar da shi true. Daga nan ki danna dama a kan layin sama, ki zaɓi Personnaliser la barre d'outils, can ƙasa akwai Densité, ki ɗauki Compacte. Za ki ga an rubuta cewa ba sa ɗaukar nauyinsa, amma yana aiki. Roƙona ɗaya, wannan layin kaɗai za ki taɓa a about:config, sauran ki bar su yadda kika same su.

Na biyu ya fi burge ni. Tun watan Maris na 2025, daga Firefox 136, ana iya kwashe shafukan daga sama a jera su a gefe. Edge ya riga su, tun 2021 yake da shi, kuma yana nan cikin Windows ɗinki. Kamar yadda mai gyaran kwamfuta ya faɗa, faɗi ne ke gare ki har da rara, galibin shafuka ma gefensu fari ne fayau. To me zai sa ki bar layin shafuka yana cin tsawo? Kuma mai rubutun kundi da ke buɗe takardu goma sha biyar a lokaci guda, a gefe ne za ta iya karanta sunan kowace, a sama kuwa sai su tsuke har ba ki gane wace ce wace. Haka layin Windows na ƙasa: a Windows 10 kina iya mayar da shi hagu ko dama, ko ki sa ya riƙa ɓuya da kansa.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Katsina:
Ni dai shawarata a haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI a huta. Wayar ba ta da tsada.

Mai gyaran kwamfuta:
Alhaji, a gida wannan daidai ne. Amma ita a ɗakin karatu da cikin aji take yawancin aikinta, ga kuma ranar da babu wuta.

Wani dattijo, tsohon magatakarda:
Ɗiyata, na karanta duk abin da yaran nan suka rubuta, kuma sun kyauta. Abu ɗaya nake so ki kiyaye. Za a ce miki ki rage girman rubutun shafin zuwa 80 ko 67 don komai ya shiga. In akwati ya maƙale, yi hakan, ki danna maɓallinki, ki mayar da shi 100 nan take, don burauza tana riƙe girman da kika bar wa kowane shafi. Amma kada ki zauna awa huɗu kina karanta rubutu kamar ƙwayar gero. Na yi shekaru ina buga takardu, na san yadda ido ke yi da dare bayan irin wannan wuni. In ma kin mayar da Windows 100% kika ga kina matse ido, ƙara girman rubutun shafin zuwa 110. Layukan za ki rage, rubutun ki bar shi yadda idonki ke so.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na gode muku duka. A 125% na same ta kuwa, na mayar 100. Na cire layin adana adireshi, na kai shafukan gefen hagu, layin Windows kuma na sa yana ɓuya. Na koma kan takardar nan ɗazu, maɓallin ya fito sarai, har na tura. Compacte ɗin ban yi ba tukuna, gargaɗin ya ba ni tsoro, zan bari sai gobe in mun haɗu da ƙanen nan a jami'a ya tsaya a kaina. Saura abu ɗaya: tun da na sa layin Windows yana ɓuya, ba na ganin agogo da cajin batir sai na kai kibiya ƙasa, jiya har ta mutu ban sani ba. In na mayar da shi gefen dama maimakon ɓuya, agogon zai riƙa fitowa?

Ɗalibin sashen kwamfuta:
Zai fito, Yaya, da agogon da batir duka, a kusurwar ƙasa. Ki cire alamar ɓuyar tukuna, sannan ki zaɓi Droite.