Me za mu kira murfin manhol mai ado?

'Yan'uwa masu fassara, ina neman shawararku a kan sunan faifan ƙarfen nan da ake rufe ramin shiga magudanar ƙarƙashin ƙasa da shi, wanda Turawa suke kira murfin manhol, musamman irin na Japan mai ado.

An ba ni "murfin kwata" da "murfin kwalbati", amma ban gamsu ba, domin kwata a buɗe take, kwalbati kuwa ruwa yake tsallakarwa ta ƙarƙashin hanya. Ramin da ake magana a kansa mutum ne yake sauka cikinsa don gyara, saboda haka na fi son a ce da shi "mashigar magudana", abin rufe shi kuma "murfin magudana".

Inda na tsaya shi ne adon. Birnin Naha na Okinawa ya sa kifaye a murafunsa a 1977, Osaka ta sa hoton fadarta, tun 2016 kuma ake raba katuna masu hotunansu ga masu sha'awar tarawa. Da farko na rubuta "mai zane", sai na lura cewa babu wanda yake zana komai a jikin ƙarfen. Ana fara sassaƙa siffar ne a katako, a danna samfurin cikin yashin da aka kirɓa har gurbinsa ya fito, sannan a kwarara narkakken ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 1,300. Idan ya huce sai a fasa yashin, a kankare abin da ya maƙale. Launi ne kaɗai ake sawa daga baya, shi ma tsiyaya shi ake yi da hannu, gurbi bayan gurbi, har ya daskare. Tudu da kwarin adon suna kuma rage santsi ga tayar babur lokacin ruwan sama.

Na kai maganar wurin wani dattijo mai zubin tukwane da yashi, ya saurara, ya ce: "Ɗana, wannan ai sana'armu ce. Abin da aka buga da guduma ƙira ne, abin da aka narka aka zuba kuwa zubi ne."

Don haka na tsayar da "murfin magudana mai zubin ado". Ya ɗan yi tsawo, na sani, amma bayan ambato na farko "murfin ado" ya wadatar. Mutanen Damagaram da Maraɗi, yaya kuke cewa a wajenku?