Beretta 92FS: masu ita, ana sabawa da nauyin kunamar?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Ina tsaron shagon gidan mai da dare a nan Teksas, kuma kwanan nan aka yi wa shagon da ke kusa da mu fashi. Na yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga. Na ɗaga Beretta 92FS, ta yi min, sai dai jan kunamar farko akwai nauyi da nisa, na biyu kuma da ɗan taɓawa ta tashi. Hannuna ƙarami ne, da ƙyar yatsana ke kaiwa. Ana sabawa? Kuma dala 700 da aka ce min ta yi tsada?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Glock 19 kawai za ka saya, ka huta.

Tsohon Soja: Ba Glock ya tambaya ba. Malam, nauyin nan da gangan aka yi shi, don kada yatsa ya tashe ta cikin firgici. Jan farko shi ke ja da ƙarfen baya ya sake shi, daga nan ita ke ɗana kanta, shi ya sa na biyu ke da sauƙi. Da ita na yi aiki, sunanta M9 a wajenmu. Sojan Amurka sun ɗauke ta a 1985, sai 2017 suka zaɓi ta kamfanin SIG. Amma mariƙinta da kauri, harsashi 15 take ci. In yatsanka bai kai ba, je ka ɗaga CZ 75 ka ji.

Ɗan Fagge: To in tana da kyau me ya sa suka ajiye ta, Yallaɓai?

Direban Tirela: Ni ba nauyin kunama ne ya dame ni ba. Tawa na saya hannu, dala 450. Ranar Juma'a na bar ta a aljihun mota na shiga masallaci, na fito na tarar da gilashi a warwatse a kan kujera. Babu ita, babu jakar takarduna. Na kai rahoto da lambarta. Bayan watanni 'yan sanda suka kira ni, an same ta hannun wani yaro da bai fi ɗana ba. Wallahi ranar ban ci abinci ba. Har yau ina tunanin ko an harbi wani da ita. Ƙanina, kafin bindiga sayi akwatin ƙarfe mai makulli.

Maman Sadik: Innalillahi. Allah Ya kiyaye gaba, Alhaji. Baban Hanifa, akwai yara a gidan? Matarka ta sani?

Ɗan Fagge: Dala 450? Ai ni 600 na ga ta hannu. Ko dai wadda ta je Iraƙi ta dawo aka sayar maka?

Direban Tirela: Ba abin dariya ba ne. Sun dawo min da ita, na kasa ajiye ta a gida, na sayar.

Na Niyok: A nan ko kana da kuɗin sai ka jira lasisi, kuma harsashi 10 ne iyaka. Ku a Teksas tun 2021 ba ku buƙatar lasisin ɗauka. Amma in ba ka da katin zama na dindindin, tuntuɓi lauya tukuna, masu bizar karatu ko ziyara dokarsu daban ce.

Tsohon Soja: Wanda bai taɓa harba ta ba ya bari masu ita su yi magana.

Na Niyok: Yallaɓai, harbin bariki daban, tsayuwa a bayan kantar shago kai kaɗai da tsakar dare daban. Kuma mai shagon ya yarda Baban Hanifa ya shigo da ita wurin aiki?

Baban Hanifa: Katin zama ina da shi. Maganar yatsan fa?

Bazamfare: Ku kuna zaɓen kunama. A ƙauyenmu 'yan bindiga da AK suke shigowa, mahaifina adda ce a ƙarƙashin gadonsa. A 2022 gwamnatin Matawalle ta ce kowa ya nemi lasisi ya kare kansa. Wa kuka sani da ya samu?

Maman Sadik: Ƙanwata ma sun bar noma bana, suna Gusau gidan haya. Mu ke tura kuɗin.

Bazamfare: Hajiya, ta wace hanya kike turawa? Ni cajin ya ishe ni.