Shin zinaren Landan ne ya mai da Anthony Joshua zakara?

Bazazzagi: A ganina, lambar zinaren da Anthony Joshua ya ci a gasar Olamfik ta Landan a 2012 ita ce ta share masa hanya. Ya shiga damben kuɗi a 2013, kuma a karonsa na 16 kacal, a 2016, ya buge Charles Martin ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta IBF. Da ba don zinaren ba, wane mai shirya dambe ne zai ba shi wannan dama da wuri haka?

Bakatsine: Malam, na yarda cewa lambar ta jawo masa kuɗi da 'yan kallo, amma ba ita ke kai naushi ba. Audley Harrison ma ɗan Ingila ne, ya ci irin wannan zinare a Sidni a 2000, amma da ya nemi kambun duniya a 2010, David Haye ya gama da shi a turmi na 3. Damben Olamfik turmi 3 ne, na kambu kuwa 12, kuma wanda numfashinsa bai kai ba, tun a tsakiya ƙafafunsa za su fara rawa. A filin Wembley a 2017 tsohon zakaran duniya Wladimir Klitschko ya kai Joshua ƙasa a turmi na 6, amma Joshua ya miƙe, ya lallaɓa har ƙarfinsa ya dawo, sannan ya gama da Klitschko a na 11.

'Yar Maraɗi: Yayyena, akwai abin da kuka tsallake. Joshua bai fara dambe ba sai da ya kai shekara 18, kuma zinaren nasa da ƙyar ya samu, domin maki 18 da 18 suka yi da Cammarelle na Italiya kafin alƙalai su ba shi. Oleksandr Usyk ɗan Yukren, wanda shi ma ya ci zinare a Landan, ya yi wasanni sama da 300 kafin ya shiga na kuɗi, kuma sau biyu yana doke Joshua da maki, a 2021 da 2022. Daɗewa a fage ce ta raba su.

Bazazzagi: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata ne, tunda wanda ya doke shi ma mai zinare ne.

Bakatsine: To Andy Ruiz fa, Malam, wanda ya tsayar da shi a turmi na 7 a 2019? Bai taɓa taka fagen Olamfik ba.