Ɗana ya ce shi ne Kudus na gaba, ku ba ni shawara

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa tun da mai gidana ya rasu. Ɗana na uku shekarunsa 14. Tun ranar da Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Ghana, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Katar a 2022 yaron nan bai sake zama ba, Islamiyya ma sai da faɗa. Kullum zancensa ɗan zango ne kamarsa, daga unguwar Nima ta Accra ya fito. Yanzu wani mutum ya gan shi a filin ƙwallo ya ce zai kai shi gwaji Turai, amma in kawo kuɗin biza da tikiti. Akwai filin da babansu ya bari. Barci ya gagare ni. In sayar?

Ɗan Nima: Hajiya, kada ki taɓa filin nan. A gabanmu Kudus ya taso yana buga wa ƙungiyar yara ta Strong Tower. Makarantar Right to Dream ce ta ɗauke shi, can wajen Akosombo, kuma ba ta karɓar kuɗin iyaye, ƙwallo da boko tare ake yi. Sai da ya cika 18 a 2018 ya fara buga wa Nordsjaelland ta Denmark, Ajax ta saye shi a 2020, West Ham a 2023. Duk kulob ne ke biya. Dokar FIFA ma ta hana a kai yaro ƙasa da 18 wani kulob na ƙetare, sai da wasu sharuɗɗa.

Kawu Direba: Haka aka yi wa ɗan ƙanwata. Motata na sayar, aka yar da shi a wani otel babu ko kuɗin abinci. Har yau uwarsa ba ta gaishe ni, kamar ni na cuce shi.

Mai Shago: Arziki na Allah ne. Wanda bai fita ba ai ba ya samu. In yaron na da ƙafa, a bar shi ya gwada.

Maman Yara: Mutumin fa ba baƙo ba ne, a masallacin unguwa yake salla, ya nuna min hotunansa da Turawa. Kuma ba duka filin zan sayar ba.

Ɗan Nima: Hoto ba takarda ba ne. Ki ce ya nuna lasisinsa na FIFA da wasiƙar gayyata daga kulob ɗin, a kai ofishin hukumar ƙwallo ta yankin Ashanti a tantance. Yaron ya zauna a ƙungiyar yara ta gida. Tsohon ɗan ƙwallo Ibrahim Tanko ma daga ƙungiyar King Faisal ta nan Kumasi ya tafi Dortmund ta Jamus.

Malama: Ina 'yan'uwan babansa? Filin nan gadon marayu ne, ba ke kaɗai ke da magana a kai ba.

Maman Yara: Su da ko buhun masara ba su taɓa kawo mana ba? Mutumin ya ce zuwa Juma'a yake so ya ji daga gare ni, in ba haka ba zai ɗauki wani yaron.