Neman kalma: me za mu kira wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa masu nazarin harshe. Kalmomi biyu na Turanci sun tsaya mini a rai tun da na dawo daga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, wato “memorial park” da “cenotaph”, kuma ina so mu tsayar musu da Hausa tare.

Wurin da na ziyarta sunansa Taukyan, a bayan gari, arewa da birnin Yangon. Akwai kaburburan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu fiye da 6,000, kowanne da ɗan allon tagulla a kan guntun siminti, an jera su cikin ciyawa sahu-sahu. A tsakiya kuwa akwai dogayen ginshiƙan dutse da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda gawarwakinsu suke ba. A jikin waɗannan ginshiƙan na tarar da namu, sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Da yawansu an rubuta su da sunan yanka haɗe da sunan gari, kamar yadda ake ɗaukar soja a wancan zamani, har na riƙa bin layin da yatsa ina karanta garuruwan Arewa ɗaya bayan ɗaya. An rubuta kalaman girmamawa da Turanci da Bamanci da harsunan Indiya, amma babu Hausa, alhali ita ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya na lokacin.

Da na zauna rubuta labarin ziyarar, sai na fara da “maƙabarta”. Ta dace da ɓangaren kaburbura, amma ba ta ɗauke ginshiƙan ba, domin babu wanda ke kwance a ƙarƙashinsu. Wani malami ya ba ni “hubbare”, na kuwa yi ta juya ta a zuciya saboda nauyinta da kyawunta. Sai dai duk Bahaushen da ya ji hubbare, Hubbaren Shehu na Sakkwato zai faɗo masa, wato makwancin waliyyi da ake zuwa ziyara, kuma can ma akwai mamaci a ciki. “Wurin shaƙatawa” da wasu ke fassara “park” da shi ban ko tsaya a kansa ba, duk da cewa na ga matasan Yangon suna ɗaukar hoto a tsakanin furanni. “Dandali” ma na ajiye shi, domin yana tuno kiɗa da gaɗa.

Sai kuma batun su wane ne ake tunawa da su. Wasu sun ce “shahidai”, ni kuwa ina ganin kada mu taɓa wannan kalma a nan. Hukunci ce ta addini, kuma mutanen da ke jikin dutsen sun haɗa Musulmi da Kirista da Hindu da mabiya addinin Sik, dukkansu a ƙarƙashin tutar Ingila. Abin da muka riga muka saba da shi ya isa, wato “'yan mazan jiya”, kamar yadda gidajen rediyo ke faɗa kowace ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Gaskiya ne kalmar ta haɗa da tsofaffin sojojin da ke raye, amma idan an ce “tunawa”, mai sauraro ya san an yi rashi.

Saboda haka, ga wurin baki ɗaya ina ba da shawarar “farfajiyar tunawa da 'yan mazan jiya”. Farfajiya fili ce mai shara da tsari, wadda ake shiga da ladabi, ba a sheƙe aya a cikinta.

Ta biyun ce ta fi ba ni wahala. Asalin “cenotaph” daga Girkanci ne, ma'anarta kabarin da babu kowa a ciki, irin wanda aka gina a Landan a 1920. Idan muka ce “kabari wofi” ko “holoƙon kabari”, Bahaushe zai ɗauka rami ne da aka haƙa ana jiran gawa, ko wanda aka tone. Da nake tsaye gaban ginshiƙan, abin da ya zo mini shi ne sallar ga'ib, wadda ake yi wa wanda ya rasu a nesa ba a ga gawarsa ba. Daga nan na ɗauko “kushewar ga'ib”. Na san malamanmu na Malikiyya suna da magana kan ita sallar, amma ni kalmar kaɗai na aro, domin ta riga ta zauna a bakin jama'a da ma'anar mamacin da ba ya nan.

Da waɗannan biyun zan rubuta labarin ziyarar. Idan akwai dattijon da ya taɓa jin yadda mutanen barikin Chindit na Zariya ko na Dalet a Kaduna ke kiran irin wannan gini, ina roƙon ya sanar da ni, domin kalmar da sojojin suka saba da ita ta fi tawa cancanta.